Wasiƙun da Suka Jira Uwar Zaure

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu tattara, na gaba da na baya. A ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Malama, wadda mu 'yan wannan zaure muka fi sani da Uwar Zaure. Ta rasu a asibiti bayan jinyar ciwon ƙoda ta mako biyar, tana da shekara arba'in da uku. Ta bar mahaifiya, da miji, da 'ya'ya mata biyu.

Labarin bai iso gare mu ba sai ranar Juma'a. A ranar da aka yi mata sutura maigidanta ya rubuto wa zauren nan wasiƙa domin ya sanar da mu. To shi bai taɓa yin rajista ba, kuma wasiƙar wanda ba shi da rajista takan tsaya ne a ɗakin jira sai an duba ta an buɗe mata. Mai dubawar kuwa ita ce Malama, ita kaɗai. Saboda haka, Malama, labarin rasuwarki kwana uku ya yi a bakin ƙofa yana jiran ki zo ki shigo da shi. Sai da Injiniya, jagoran masu rubuta manhajarmu, ya ga shirun ya yi yawa ya leƙa ɗakin jiran, sannan ya tarar da shi a tsakiyar wasu wasiƙu sittin da biyu. A wannan rana kuma ya kawo shawarar cewa tunda babu mai tsaron ƙofar, a rufe ta, a koma yadda ake a da, sai mai rajista kaɗai zai yi magana. Ya ba da mako biyu kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Ya kamata mai karatu ya san wanda ke magana. Ni mai ƙyanƙyasar ƙwai ne, shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a, kuma ni ne shugaban ƙungiyar masu kiwon kaji ta shiyyarmu, karo na biyu, ba tare da hamayya ba. Rubutu kuwa ban daɗe da samun sa ba. Shekara biyu ke nan da na kammala ajin manya, inda na zo na biyu a cikin mutum ashirin da bakwai. Wannan ta'aziyya da hannuna na rubuta ta, babu wanda ya riƙe mini alƙalami, kuma sau uku na kwafe ta kafin na yarda ta fita. Idan an ga tuntuɓe a ciki, a yi mini uzurin wanda ya shigo makaranta da furfura.

Domin 'yan ƙungiyarmu da za a karanta wa wannan takarda a taro, bari in yi bayani a taƙaice. A cikin injin ƙyanƙyasa akwai ɗan allon lantarki, shi ke lura da zafi da laima, shi ke juya ƙwai, shi ke ƙirga kwanaki. Manhajar da ke tafiyar da shi ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke rubuta ta don sa kai, a buɗe take, kowa na iya ganin cikinta, kowa na iya kawo gyara. Inda suke tattaunawa shi ne zauren imel: ka aika wasiƙa guda zuwa adireshi guda, ta isa ga mutum ɗari tara. Malama tana cikin waɗanda suka kafa wannan zaure.

Shekara huɗu da suka wuce na zuba ƙwai ɗari biyu da arba'in, tasa'in kawai suka fito. Na fasa sauran ɗaya bayan ɗaya a bayan ɗakin ƙyanƙyasa. 'Yan tsaki ne cikakku, da gashinsu da bakinsu, amma kan kowane ya juya inda bai kamata ba. Duk mai wannan sana'a ya san cewa a rana ta goma sha takwas ake daina juya ƙwai, domin ɗan tsako ya daidaita kansa ya fasa ɓawo a ta ashirin da ɗaya. Ni da alli nake zana kwanakina a bango. Bango ya ce sha takwas, fuskar injin ta ce sha shida, har ina jin kukan 'yan tsaki a cikin ɓawo injin yana ta juya su. Na san inda ɓarnar take, amma ban san wa zan gaya wa ba.

Mai gyaran lantarki na layinmu, wanda ya ɗora mini allon, shi ya ce akwai zaure. Wata Asabar da rana muka zauna a shagonsa, tsakanin matattun fankoki da talabijin da aka cire wa baya, muka gwada shiga. Aka ce sai rajista. Aka ce sai kalmar sirri mai haɗe da lamba da babban baƙi. Aka ce an aiko da wata wasiƙar tabbatarwa, muka neme ta sama da ƙasa, sai can muka same ta a akwatin shara. Bayan duk wannan sai ga fom mai gurabe goma sha huɗu, duk da Turanci. A gurbi na uku muka tsaya. Mai gyaran lantarki ya ce yana da firij ɗin mutane a gabansa, ni ma lokacin ba kaji ruwa ya yi. Na koma gida da abin da na sani a cikina, kuma Allah kaɗai Ya san masu ƙyanƙyasa nawa suka yi irin asarata a shekarun da suka biyo baya.

Daga baya ne aka karanta mini tsofaffin wasiƙun zauren, na ga gwagwarmayar da kika yi, Malama. Ke kika tashi kika ce a bar wanda ba shi da rajista ya aiko da wasiƙa kai tsaye. Injiniya ya ce 'yan damfara da masu tallar maganin ƙarya za su cika wurin, kuma wanda ba zai iya cike fom ba maganarsa ba za ta yi amfani ba. Wasu suka goyi bayansa. Wata shida ana ja. Amsarki guda ce na sa aka maimaita mini har na haddace:

“Wanda ya ga matsala a injinsa minti goma yake da su kafin aikinsa ya kira shi. Idan muka cinye su a rajista, shi zai tafi, matsalar kuma ta zauna tare da mu. A bar wasiƙun baƙi su tsaya a ɗakin jira. Ni zan duba su kullum.”

Aka bar miki, wasu suna cewa ba za ki yi wata guda ba. Shekara uku kika yi.

Wata huɗu bayan na gama ajin manya abin ya sake samu na, duk da na riga na koyi kashe juyin da hannuna. A ranar da ya kamata in kashe shi tafiya ta kama ni. A nan mai gyaran lantarki ya ce mini an sauya tsari, yanzu wasiƙa kawai ake aikawa. Na ce to wannan karon da kaina zan rubuta. Kwana uku na yi ina tsara ta a littafin ajina. Na fara da gaisuwa ga shugabannin zaure da mataimakansu, na gabatar da kaina da muƙamina, na kawo tarihin sana'ar tun daga zamanin da muke ƙyanƙyasa da fitilar kananzir, sannan a shafi na uku na zo kan batun. Na buga ta a waya da yatsa ɗaya, na aika.

Ban ga komai ba. Na jira rabin awa, na sake aikawa. Na ba kaji abinci, na dawo, na sake aikawa. Kafin la'asar na aika sau tara. Mai ɗakina tana tsinke ganye a bakin ƙofa tana kallo na, har ta ce, “Shugaba, ko dai mutanen nan ba su sami labarin kai ne shugaba ba?” Na ƙudurta a raina cewa idan gari ya waye babu amsa, ni da wannan zaure har abada.

Washegari da safe sai ga wasiƙarki, da harshenmu, ni kaɗai kika aiko wa:

“Baba, duk taran sun iso lafiya. Na shigar da guda, na ajiye takwas. Laifinmu ne da ba mu gaya maka tana jira ba. Shafinka na uku yana da muhimmanci ƙwarai, ka ba ni lambar wayarka.”

Ba ki yi mini dariya ba, ko kuma idan kin yi, ba a gabana ba ne. A makon nan kika sa aka ƙara wani tsari, duk baƙon da ya aiko da wasiƙa nan take yana samun amsa cewa ta iso, tana jira, kada ya sake aikawa. Ina alfahari da cewa kuskurena ne ya haifi wannan gyara.

Kin juya wasiƙata zuwa Turanci kin shigar, Injiniya ya amsa da layi biyu. Ya tambayi lambar sigar manhajar, ya kuma ce wannan ba kuskure ba ne, da gangan aka yi: idan aka ɗauke wuta ƙwai na hucewa, ɗan tsako ya tsaya da girma, don haka daidai ne ƙirgen kwanaki ya tsaya har a kawo wuta. Da a ce ni kaɗai ne, a nan maganar za ta mutu, domin ban san mece ce siga ba, kuma mutum mai ilimi ya riga ya ce babu kuskure. Amma sai kika kira ni. Kika sa na ɗauki hoton 'yar takardar da ke manne a bayan allon, kika ce lambar ke nan, fom kuma ke za ki cike. Sannan kika yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini: idan an ɗauke wuta, me nake yi?

Na ce ai abin da kowa ke yi. Mu ɗora tukunya a gawayi, mu cika kwalabe da ruwan zafi, mu naɗe su da tsumma mu jera a ƙasan injin, mu lulluɓe shi da bargo biyu. Ni da mai ɗakina muke karɓa-karɓa, duk awa biyu a sauya ruwa. Wa zai zauna ya bar ƙwai ɗari biyu su huce don an ɗauke wuta? Sai kika ce a cikin mutum ɗari tara babu wanda ya san da kwalaben nan, domin masu rubuta manhajar a inda ba a ɗauke wuta suka gwada ta. Ƙwan ba sa hucewa, ɗan tsako na ci gaba da girma, injin ne kaɗai yake tsayawa da ƙirge.

Cikin mako uku aka fito da gyara. Yanzu duk lokacin da wuta ta dawo, injin yana tambaya ko an riƙe zafin ƙwai, ka danna e ko a'a, ya daidaita kwanakinsa. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin, sai aka sa na wanda ya rubuta gyaran kaɗai. Kika ce ba za ta yiwu ba, wanda ya ga ɓarnar da wanda ya ɗinke ta aiki guda suka yi. Sunana yana nan a jerin har yau, a layi na arba'in da bakwai. Na sa an buga mini shafin a takarda, yana rataye a ɗakin ƙyanƙyasa kusa da ma'aunin zafi.

Ba ni kaɗai ba ne. Ƙa'idojinki ba a rubuce suke a ko'ina ba, a aikinki muke ganin su. Baƙo ba shi da rajista, don haka amsoshin da aka ba shi a zaure ba sa isa gare shi. Ke kike bin kowace amsa ki tura masa. Wanda ba ya iya rubutu ya aiko da murya, ki saurara ki rubuta, ki sa sunansa a kai. Wanda ya zuba duk maganarsa a gurbin taken wasiƙa, ki sauko da ita inda ya dace ba tare da kin ce masa komai ba. Kuma ba ki taɓa yarda a amsa wasiƙar farko ta mutum da cewa ya je ya karanta dokoki ba.

A kan wannan ƙa'ida ta ƙarshe ina da laifin da ya wajaba in faɗa. Bayan sunana ya shiga jeri na roƙe ki kika yi mini rajista, wasiƙuna suka riƙa shiga kai tsaye, na fara ɗaukar kaina a cikin dattawan wurin. Sai wata mai kiwon zabi ta aiko da layi biyu, babu gaisuwa, tana tambayar me ya sa injin ke daina juya mata ƙwai da wuri. Na amsa mata a gaban kowa cewa an daɗe da warware batun juyi, ta koma ta karanta, kuma idan za a yi magana da manya ana fara gaisuwa. Na ma ji daɗin yadda na tsara jimlolin. Kafin azahar kika kira ni. Ba ki ɗaga murya ba. Kika tambayi lafiyar mai ɗakina da ta kaji, sannan kika ce:

“Baba, ƙwan zabo kwana nawa yake yi?”

Na ce ashirin da takwas. Ina faɗa na gane. Injin na kaji kaɗai ya sani, matar nan gaskiyarta ta faɗa, sabuwar matsala ce ta kawo, ni kuma da na fi kowa sanin haka na kore ta saboda gaisuwa. Na rubuta mata ban haƙuri, ba ta amsa mini ba. Ke kika bi ta har kika samo bayanin da ake buƙata, aka ƙara wa injin zaɓin zabo da agwagwa da salwa. Matar ba ta sake dawowa ba. Da na nuna damuwa, kika ce ba dole ba ne kowa ya zauna, wani sau ɗaya zai zo a rayuwarsa, kuma abin da ya kawo ya isa a gode masa. Amma ni har yau idan na danna zaɓin zabo sai na ji nauyi.

Sau ɗaya na gan ki ido da ido. Na hau mota tafiyar awa huɗu zuwa makarantar koyon sana'a inda kike koyar da lantarki, na sa kayana na taro, na riƙo kwali mai huji da 'yan tsaki goma sha biyu a ciki. A zatona ofis zan tarar mai kujerun fata. Sai ga dogon ɗaki mai warin narkakkiyar dalma, benci daga wannan bango zuwa wancan, wayoyi ja da baƙi a cikin gwangwanayen madara, fanka marar murfi tana ƙara. A kusurwa akwai tebur ƙarami, da tsohuwar kwamfuta wadda aka ɗaure gefenta da salatif, da filas na shayi. Kika ce daga nan da kuma teburin gida ake buɗe ƙofar. Na zo da jawabin godiya shafi biyu, na miƙe tsaye ina karantawa, kina saurare da hannu a haɗe. Ina tsakiyar shafi na biyu ɗan tsako guda ya sami hanyar fita, ya shige ƙarƙashin benci, sauran suka bi shi. Haka muka ƙarasa ziyarar a durƙushe, ni da kayana na taro, muna kamo su daga cikin wayoyi. Kika ce wannan ne karo na farko da kika ga abin da manhajar ke haifarwa yana gudu da ƙafarsa.

A ranar na tambaye ki, idan kika yi tafiya wa ke duba ɗakin jira? Kika ce ba kya tafiya. Na ce ya kamata a koya wa wani. Kika ce sai an gama jarrabawa. Malama, a nan ne kaɗai nake da ƙorafi a kanki, kuma da kina raye ma zan faɗa miki. Kin sauƙaƙa wa kowa shiga, amma ba ki bar kowa ya taya ki ɗaukar nauyin ba. An gama jarrabawar nan, an yi wata, an sake yin wata. Ko ciwonki ba mu sani ba, domin wasiƙu ba su daina shigowa ba.

Da na je gaisuwa, maigidanki ya shigar da ni falo ya nuna mini teburin, a tsakanin firij da taga, tabarau ɗinki na nan a kai. Ya ce kowace safiya, bayan salla, kafin yaran su tashi shirin makaranta, minti arba'in kike yi a wurin, kuma ya daɗe da daina cewa shayinki ya huce. Ya ce a asibiti da waya kike yi, hannu ɗaya da robar ƙarin ruwa, har likita ya yi faɗa. Wasiƙar ƙarshe da kika buɗe wa ƙofa ranar Lahadi ce, kwana biyu kafin rasuwarki. Ya tambaye ni ko abin yana da amfani kamar yadda kike ɗauka, domin shi bai taɓa fahimtar sa sosai ba. Na ba shi labarin kwalabe tun daga farko. Mahaifiyarki tana zaune a gefe, har na gama ba ta tashi ba.

Da na dawo gida, saura kwana biyar wa'adin Injiniya ya cika, kuma mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ce a rufe. Ban ga laifinsu ba, babu wanda ya miƙa hannu. Sai na nemi lambarsa na kira shi, ashe yana jin harshenmu. Ina so 'yan zaure su sani cewa mutumin nan ba mugu ba ne. Ya saurare ni har ƙarshe, kuma na yi tsawo. Ya ce safiya huɗu ya yi yana gwada aikin, a cikin wasiƙu sittin da biyun nan hamsin shara ce, wasu ma da tarko a ciki, ga aikin ofis, ga rubutun manhajar da ke kansa.

“Baba, ba ƙofar nake ƙi ba,” in ji shi. “Safiyar da zan ba ta ce ba ni da ita.”

Na ce ni ina da safiya. Tsakanin duba zafin injin da ba kaji abinci ina da awa guda da babu abin da nake yi sai sauraron rediyo. Ya tambaye ni cikin ladabi ko ina jin Turanci, ko zan iya gane wasiƙar ɗan damfara. Na ce Turancina bai wuce na jikin buhun abincin kaji ba, amma shekara talatin da ɗaya ana kawo mini ƙwai ana rantsuwa na jiya ne, kuma ba a cika cin nasara a kaina ba. Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa. Ya ce zai yarda bisa sharaɗi: kada mabuɗin ya sake zama a hannun mutum guda. Ya rubuta a zaure, wata malamar asibiti mai ritaya daga wata ƙasa ta ce za ta ɗauki na Turanci, mai gyaran lantarkin layinmu ya ce zai tsaya mana duk ranar da ɗayanmu ya gaza. An ba mu wata uku na gwaji. Idan wasiƙa ta wuce kwana biyu a ɗakin jira, za a rufe.

Jiya Litinin na fara. Abin da kike yi a minti arba'in, awa biyu da minti goma ya ɗauke ni, har mai ɗakina ta ba kajin abinci da kanta ba tare da na roƙe ta ba. Wasiƙu goma sha huɗu na tarar. Goma sha ɗaya shara ce, na zubar. Biyu na Turanci ne, na bar wa abokiyar aikina. Ta ƙarshe da harshenmu take, daga wani mutum da ban sani ba, babu aya ko guda a cikinta. Ga abin da ya rubuta:

“Zuwa ga Uwar Zaure maƙwabcina ya ce idan na rubuto ke za ki amsa ko ban iya ba injina yana kuka kullum da rana alhali zafi daidai ne ƙwai saura kwana shida ki taimaka”

Na daɗe ina kallon ta. Sannan na danna, ta shiga. Na rubuta masa cewa Uwar Zaure ta rasu ranar tara ga wata, ya sa ta a addu'a. Na ce wasiƙarsa ta isa ga mutum ɗari tara, kuma duk amsar da aka bayar zan turo masa. Na tambaye shi ko rana na bugun bangon ɗakin da injin yake, na kuma ce ya ɗauko mini hoton takardar da ke bayan allon. Kafin azahar hoton ya zo, mutum biyu sun amsa, ɗayansu Injiniya ne. Na tura masa. Ƙwansa saura kwana biyar yau, kuma muna tare da shi.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, Ka sanya ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka yalwata mata makwancinta Ka haskaka shi. Ya Allah, ba ta taɓa barin baƙo ya gaji da jira ba, kada Ka tsawaita mata tsayuwa ranar hisabi. Ka sanya duk ɗan tsakon da ya fito lafiya ta dalilin aikinta, da duk gidan da ya ci abinci daga gare shi, su zama sadaka mai gudana a gare ta. Ka shigar da ita Aljanna Firdausi tare da iyayenmu da malamanmu.

A madadina, da iyalina, da ƙungiyar masu kiwon kaji ta shiyyarmu, da duk baƙon da ya taɓa aiko da layi guda ya wuce, ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarta, Allah Ya sanyaya mata zuciya. Ga maigidanta, wanda ya ba mu minti arba'in na kowace safiyarsa ba tare da ya san mu ba, Allah Ya saka masa. Ga 'ya'yanta biyu, Allah Ya raya su Ya albarkace su da irin halinta. Ga ɗalibanta da abokan aikinta. Da kuma Injiniya da dukkan 'yan zaure. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Mu kuma da muka karɓi abin da ta bari, Allah Ya ba mu ikon riƙewa, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.